Ran Da Aka Rufe Jami'a, Motar Wa Ɗanmu Zai Shiga?

Akwai wata sanarwa da hukumomin jami'o'in ƙasar nan suka ƙware wajen rubutawa, wadda kalmominta kusan ba su canja ba tun zamanin mulkin soja. Ana cewa saboda halin da ake ciki an rufe makaranta sai abin da hali ya yi, don haka kowane ɗalibi ya kwashe nasa-ya-nasa ya bar harabar jami'a kafin ƙarfe kaza. Magatakarda ya sa hannu, a liƙa a allon sanarwa, a karanta a gidan rediyo, shi ke nan. Daga wannan lokaci duk abin da ya sami yaro a tasha ko a hanya ba a cikin makaranta ya same shi ba, saboda haka babu mai tambayar shugaban jami'a.

Wannan sanarwa tana tafe da zato biyu waɗanda ba a faɗa. Na farko, wai hanyar gida ta fi ɗakin kwanan makaranta aminci. Na biyu, wai kowane ɗalibi yana da wata gwamnati a wani wuri da za ta ce nata ne, ta aiko a ɗauke shi. Mu da muke zaune a Katuzu da unguwar Sarkin Hausawa da Zango a nan Gashuwa, da 'yan uwanmu na Hausari a Nguru, muna da dalilin da zai sa mu tsaya mu dubi zaton nan biyu da idon basira, domin ran da suka karye a kan 'ya'yanmu suke fara karyewa.

Bari mu soma da Maiduguri, tun da can ce jami'ar da akasarin yaran wannan yanki suka riƙa zuwa kafin a samu wasu a kusa. A watan Yuli na shekarar 2011, lokacin da tashin bama-bamai da harbe-harbe tsakanin 'yan Boko Haram da rundunar haɗin gwiwa suka yi ƙamari, hukumar Jami'ar Maiduguri ta rufe makarantar ba tare da sa ranar komawa ba, ana gab da jarrabawa. Dubban ɗalibai suka yi cincirindo a tashoshin mota a lokacin da su kansu mutanen gari ke tserewa, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A cikin wannan hali ne gwamnatocin jihohi da dama suka aika da manyan motoci don kwaso ɗalibansu. Jaridu suka yaba, iyaye suka yi godiya, kuma lalle abin a yaba ne.

Shekara goma bayan haka aka sake ganin irin wannan a Jos. Ranar Asabar 14 ga watan Agusta, 2021, aka tare ayarin wasu matafiya Musulmi a hanyar Rukuba, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su jihar Ondo, aka kashe fiye da mutum 20. Gari ya ruɗe, aka sa dokar hana fita, rikicin ya rutsa da wasu ɗalibai a unguwannin da ke kewaye da jami'a. Hukumar Jami'ar Jos ta dakatar da jarrabawar da ake cikin yi, ta umurci ɗalibai su bar ɗakunan kwana. Nan ma sai ga motoci daga Kaduna da Legas da Ogun da Oyo da sauran jihohi, da rakiyar jami'an tsaro, kowace jiha tana shelar ta kwaso 'ya'yanta. Haka kuma a shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, gwamnatin tarayya ta yi abin da ya dace ta kwaso ɗalibai a matsayinsu na 'yan Nijeriya, amma suna sauka a Abuja aka koma kasa su jiha-jiha.

To a nan ne gizo ke saƙar. Da wane ma'auni jiha take gane 'ya'yanta a irin wannan rana? Ba ta tambayar inda aka haifi yaro, ko inda ubansa yake biyan haraji, ko inda uwarsa ke zaune tana jiran ya dawo. Abin da take dubawa shi ne sunayen da ƙungiyar ɗaliban jihar ta tattara, su kuwa waɗannan sunaye daga takardar indijin suke fitowa. Yanzu a ɗauki yaron da aka haifa a Katuzu, ya yi firamare da sakandare a Gashuwa, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina ko Haɗeja ko Kano tun ana awon gyaɗa. In ya yi sa'a iyayensa sun samo masa takardar nan garin, to sunansa yana cikin 'yan Yobe. In kuwa bai samu ba, sai da aka je garin kakanni aka nemo masa, to a takarda shi Bakatsine ne, kuma motar da take da hakkin ɗaukarsa za ta sauke shi a garin da bai taɓa kwana uku a cikinsa ba, ɗaruruwan kilomita daga ɗakin uwarsa. Akwai kuma na uku, wanda shugabannin ɗaliban can ba su san fuskarsa ba don bai taɓa zuwa taronsu ba, na nan kuma suka ce sunansa ba ya cikin littafinsu. Wannan shi ne zai tsaya a bakin ƙofar jami'a da jakarsa yana kallon motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba muna wannan magana don mu ɓata wa masu masaukinmu ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar Bade ya san irin haƙuri da karamcin mutanenta, an yi auratayya, an haɗa jikoki, kasuwa ɗaya, masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya. Haka abin yake tsakaninmu da Mangawa a Nguru. Kuma zamanmu a nan ba na jiya ba ne. Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a shekarar 1930 fatake da 'yan koli da mahauta da malamai suka yi ta kwararowa, ana lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. An yi fiye da shekara 60 ana wannan zama kafin a ƙirƙiro jihar Yobe ranar 27 ga watan Agusta, 1991. Har a rajistar hukumar zaɓe akwai mazaɓa mai suna Sarkin Hausawa a ƙaramar hukumar Bade, akwai Hausari a Nguru. Ran zaɓe babu mai tambayarmu garin kakanninmu. Matsalar tana cikin dokar ƙasa da yadda ake aiki da ita, kuma irin abin da ke damunmu a nan shi ne ke damun Babade ko Bamange da aka haifa a Fagge ko a Tudun Wadar Zariya.

Ya kamata kowane magidanci ya san abin da tsarin mulkin 1999 ya ce, don kada a riƙa yi mana kallon masu roƙon alfarma. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya. To amma waɗannan biyun suna cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu a kansa, wato an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu. Waɗanda ake iya zuwa gaban alƙali da su su ne sashe na 41, mai ba kowa 'yancin zirga-zirga da zama inda ya so, da sashe na 42, wanda ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin asalinsa. Sai dai wannan kundi ɗaya shi ne kuma ya kawo maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, har aka kafa hukumar raba-daidai a kanta, kuma a aikace aka bar wa ƙananan hukumomi ikon cewa wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Tun a shekarar 2006 ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan yadda wannan tsari yake mayar da miliyoyin 'yan Nijeriya baƙi a garuruwan da aka haife su. Mun saba jin zafinsa wajen neman gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne har a ranar gudun tsira da rai yana nan yana aiki.

Sai zato na farko, wato maganar hanya. Mu mutanen Yobe ba ma bukatar a ba mu labarin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri. A watan Satumba na 2013 'yan bindiga sanye da kayan soja suka datse ta a Benishek, suka kashe matafiya fiye da 140. A watan Janairu na 2020 a kan wannan hanya aka sace wani ɗalibin Jami'ar Maiduguri ɗan jihar Filato yana komawa makaranta, aka kashe shi. Ranar Lahadi 9 ga watan Fabrairu na wannan shekara, matafiyan da suka iso Auno bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a cikin motocinsu a bakin hanya, aka auka musu cikin dare, aka ƙone motoci, mutum wajen 30 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A lura da kyau, ƙofar da aka rufe don kare mutanen ciki ita ce ta bar na waje a hannun maharan. Duk shugaban makarantar da zai ba yara awa kaɗan su fice, ya kamata ya tuna Auno kafin ya sa hannu, domin yaron da ya fito da azahar ba shi da kuɗin mota a aljihu, sai ya jira a turo masa, shi ne dare zai riska a hanya.

Kada a fahimce mu da cewa wai ko me ake ciki a bar yara a makaranta. Jihar nan ta ga abin da ya fi ƙarfin wannan magana. Ranar 6 ga watan Yuli, 2013, aka kashe mutum 42 a makarantar sakandare ta Mamudo kusa da Potiskum, akasarinsu ɗalibai, a lokacin da aka katse layukan wayar salula a jihar saboda dokar ta-ɓaci, ta yadda ko wanda ya ga wani motsi ba shi da halin sanar da kowa. Gwamna Ibrahim Gaidam ya rufe makarantun sakandare har zuwa watan Satumba. Ba a jima da komawa ba, cikin daren Lahadi 29 ga watan Satumba, aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Gujba aka harbe ɗalibai fiye da 40 a ɗakunan kwanansu. Ranar 25 ga watan Fabrairu, 2014, aka kashe yara maza 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. Ranar 1 ga watan Disamba na wannan shekara harin da aka kai Damaturu ya shafi Jami'ar Jihar Yobe. Ga kuma Dapchi, maƙwabciyarmu a kan hanyar Damaturu, inda aka kwashe 'yan mata 110 ranar 19 ga watan Fabrairu, 2018. Da an sallami yaran Gujba da na Buni Yadi kwana ɗaya kafin abin ya faru, da babu uban da zai yi ƙorafi. Saboda haka akwai ranar da rufewa ita ce daidai. Abin da muke ja a kai shi ne rufewar da ba ta da shiri, wadda amfaninta kawai ta fitar da gawar yaro daga lissafin makaranta.

Jami'ar Maiduguri kanta ta nuna cewa akwai wata hanya. A shekarar 2017 ta sha hare-haren ƙunar baƙin wake a jere, tun daga na asubahin Litinin 16 ga watan Janairu a wani masallaci na rukunin gidajen ma'aikata, wanda ya yi ajalin Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitancin dabbobi. Mutane da yawa suka ce a rufe. Hukumar jami'ar, a ƙarƙashin Farfesa Ibrahim Njodi, ta ƙi, aka ci gaba da karatu. Gwamnatin Borno ta Kashim Shettima ta ba da kuɗi aka haƙa rami mai tsawon kilomita 27 a gefen makarantar da ke fuskantar daji, aka ƙara masu gadi da maharba da 'yan sintiri. Yaran da yawa daga wannan yanki sun kammala digirinsu a waɗannan shekaru saboda wannan tsayin daka, kuma mun san darajar abin. Wanda ya rasa shekara guda ta karatu a gidan talaka sau da yawa ya rasa karatun ke nan, domin kafin a buɗe an sa shi a shago ko an yi wa yarinya miji.

To amma rami da katanga na ciki kawai suke karewa, alhali kuwa da wuya a sami jami'ar gwamnati a ƙasar nan da ɗakunan kwananta suke ɗaukar dukkan ɗalibanta. Sauran suna cikin gari, a gidajen haya. Masu mugun nufi sun daɗe da gane haka. A daren 1 ga watan Oktoba, 2012, a Mubi, ba cikin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya aka shiga ba, unguwar Wuro Patuji aka bi ɗaki-ɗaki inda ɗalibai ke haya, aka kashe aƙalla mutum 25. Ranar Juma'a 22 ga watan Satumba, 2023, a ƙauyen Sabon Gida aka fasa gidajen haya aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20, akasarinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a cikin gari. A duk waɗannan wurare mai gadin ƙofar makaranta yana iya rantsuwa cewa babu wanda ya wuce ta gabansa, kuma gaskiya ya faɗa.

Wannan ya kawo mu gida. Jami'ar Gusau da muka ambata sa'ar tamu ce, a shekarar 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa su tare da ta Birnin Kebbi. Tun da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta fara ɗaukar ɗalibai, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta daɗe a garin, ga kwalejojin Nguru na kiwon lafiya da na shari'a, matsayinmu ya zama biyu. 'Ya'yanmu baƙi ne a Maiduguri da Jos da Kano da Zariya, 'ya'yan wasu kuma baƙi ne a zaurukanmu. Da yawa daga cikinmu mun gyara ɗakunan waje mun ba ɗalibai haya, matanmu suna sayar musu da abinci, samarinmu suke ɗaukarsu a Keke Napep, direbobinmu suke kai su Potiskum da Kano. Muna cin arzikinsu, kuma babu laifi a ciki. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba a daɗe ba da muka ga ɗan samfurin abin da ake tsoro. Ranar Alhamis 1 ga watan Agusta, 2024, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa. A Yobe ɓata-gari suka shiga ciki, aka ƙona motocin bas guda 7 a Potiskum, aka yi fashe-fashe, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a garuruwa uku: Potiskum da Gashuwa da Nguru. Wato hanyar yamma ta Nguru da hanyar kudu ta Potiskum duk suna bi ta garin da aka kulle, ga Jigawa da Kano su ma sun sa tasu dokar. Magidanci yana da ɗan buhun gero a ɗaka, yana da maƙwabta, ya san mai unguwa. Ɗalibin da ya zo daga Taraba ko Binuwai, wanda cinsa na kullum a wajen mai shayi da mai awara yake, wanda kuɗinsa ke cikin waya sai ya je wurin mai POS, wanda ba ya jin Hausa sosai balle ya gane jita-jita daga gaskiya, shi ina zai sa kansa? In ya fito neman abinci jami'an tsaro su ɗauke shi a matsayin mai karya doka, in ya nufi tasha babu mota. Allah Ya taƙaita abin a 'yan kwanaki. Da ya yi tsawo, ko da ya juye ya ɗauki launin addini ko ƙabila kamar yadda ya sha faruwa a wasu garuruwa, da a ƙofar gidajenmu za a yi ta.

Don haka muke kira ga hukumar jami'ar da shugabannin kwalejojin nan, cikin girmamawa, da su zauna tun yanzu da ake lafiya su rubuta abin da za a yi ran da babu lafiya, su kuma karanta wa ɗalibai da iyaye. Babban abin da muke so a rubuta shi ne cewa duk yaron da makaranta ta karɓi kuɗin rajistarsa amanarta ne har ya isa hannun iyayensa, kuma in za a kwashe ɗalibai a kasa su bisa ga garin da iyayensu suke zaune. Wannan ba ya bukatar a gyara tsarin mulki, ba ya bukatar ko sisin kwabo. Kowane ɗalibi ya cike fom ya rubuta adireshin gida da sunan magajinsa da lambar wayarsa, duk suna cikin kwamfutar makaranta. Ofishin kula da harkokin ɗalibai yana iya fitar da su cikin awa guda ya ce ga masu zuwa Kano, ga masu zuwa Damaturu, ga waɗanda garinsu ya yi nisa sai a riƙe su a ciyar da su har hanya ta buɗe. In jihohi sun aiko da motoci, madalla, sai makaranta ta karɓe su ta cika su da masu bin wannan hanya. Idan jami'ar da ke garinmu ta fara haka, wakilanmu a majalisa suna da abin nunawa ran da za su nemi a yi wa yaranmu irinsa a Jos ko Maiduguri.

Muna kuma neman a san da unguwa. Duk wani kwamitin tsaro da za a kafa wanda ya tsaya a kan shugaban masu gadi da DPO da kwamandan Sibil Difens, bai kai inda ɗalibai suke kwana ba. A sa lawanai da bulamai da masu unguwanni, da yardar fadar Mai Bade, a sa limamai da fastoci, a sa shugabannin yuniyon na tasha, a sa masu gidajen haya, kuma kada a tambayi kowa takardar indijin kafin a ba shi kujera. Mai gidan da ɗalibai goma ke kwana a cikinsa ya fi wani babban mutum da ke zaune a Damaturu sanin wanda ya shigo lungu da daddare. Abu ɗaya da ba mu nema shi ne a cika makaranta da bindigogi duk ran da yara suka ɗaga murya a kan ruwa ko wuta ko kuɗin makaranta. Manyanmu suna tune da ranar 23 ga watan Mayu, 1986, da aka shigar da 'yan sandan kwantar da tarzoma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka harbe ɗalibai a cikin makarantarsu. Zanga-zangar ɗalibai daban, harin 'yan ta'adda daban, maganinsu ba ɗaya ba ne.

Za a ce babu kuɗi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a birnin Oslo a 2015, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a 2021, ta fitar da manufar ƙasa a kan tsaron makarantu a wannan shekara, sannan a ƙarshen 2022 ta ƙaddamar da shirin kashe Naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026. Hakkinmu ne mu tambayi sanatanmu da ɗan majalisar wakilanmu nawa ne daga ciki ya iso Yobe ta Arewa, kuma a kan me aka kashe. A yi tambayar a rubuce, a ajiye kwafi.

Namu nauyin kuwa ba sai mun jira kowa ba. Kakanninmu da suka kafa zango-zango daga nan har Gwanja sun san ƙa'idar fatoma: baƙon da ya sauka a gidanka, kayansa da ransa suna wuyanka har ya tashi, in an taɓa shi kai aka taɓa. Da wannan ƙa'ida Bahaushe ya samu wurin zama a ƙasashen mutane, don haka mu ne ya fi kamata mu riƙe ta. Duk mai ɗalibi a gidansa ya rubuta sunansa da garinsu da lambar wayar iyayensa, ya kai wa mai unguwa kwafi. Ya gyara ƙyauren gidan da katangarsa, musamman inda 'yan mata suke, domin mai karɓar kuɗin shekara a dunƙule ba shi da hujjar barin ƙofar langa-langa da ake buɗewa da ƙafa. In gari ya ruɗe, a shigo da yaran cikin gida, ko Musulmi ne ko Kirista, a zuba musu tuwo tare da namu, a kira iyayensu a kwantar musu da hankali. Direbobinmu kuma su ji tsoron Allah, ran da yara ke gudun tsira ba ranar ninka kuɗin mota ba ce.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a wasu jihohi, kada a bari sai ranar ta zo. A tambayi yaro yau: a fom ɗin makaranta wace jiha aka rubuta masa, kuma sunansa yana cikin littafin ƙungiyar ɗaliban wace jiha? In takardarsa ta garin kakanni ce, ya je ya gabatar da kansa ga shugabannin ɗaliban can, ya kuma je wurin na Yobe ya gaya musu a Gashuwa ko Nguru iyayensa suke. A samo masa mutum ɗaya amintacce a garin da yake karatu, wanda zai iya kwana a gidansa, a haɗa su tun yanzu. A ajiye masa kuɗin mota na zuwa gida wanda ba za a taɓa ba ko yunwa ta yi yaya. Muna kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su buɗe littafi guda na dukkan 'ya'yanmu da ke manyan makarantu, gari-gari, da lambobin wayarsu, a riƙa sabunta shi duk farkon zangon karatu, a kuma yi magana da direbobinmu na layin Maiduguri da Kano da Jos a san mota nawa za a iya tayarwa cikin yini guda da wanda zai zuba mai.